Yadda Ake Fitar da Aya-aya da Baƙin Haki Daga Filin Kiri-kiri Ba Tare da An Ƙone Shi Ba

Ka yanke ciyawar tsakar gidanka ranar Asabar, ta kwanta lif kamar darduma. Safiyar Litinin ka fito da buta a hannu, sai ka hangi wasu tsinkaye masu sheƙi sun ɗago kai, sun ɗara sauran da tsawon ɗan yatsa. Ba kiri-kirinka ce ta yi saurin girma ba. Baƙuwa ka yi, kuma ba mai niyyar tafiya ba ce.

Ni ta hanyar ƙasa ta shigo mini. Jigawar Katsina ba ta riƙe ruwa, ka zuba yanzu, kafin ka juya ta shanye, shi ya sa na sa aka kawo mini tifa guda ta baƙar ƙasar fadama na baje kafin dashe. Damina ɗaya aya-aya ta cinye kusan rabin filin. Haushi ya ɗebe ni, na je shago na ce a ba ni maganin ciyawa mai ƙarfi. Aka ba ni, na fesa. Kwana biyu filin ya koma kamar an kunna masa wuta. Bayan sati biyu aya-aya ta dawo kore shar, ita kaɗai, kiri-kirin kuwa tana can tana jinya. Dattijon da ke mini aikin gadina ya tsaya ya dubi wurin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai share mata fage ka yi."

Gaskiya ya faɗa. Irin wannan maganin feshi bai san wace ciyawa ka dasa da kuɗinka ba, wace kuma ta zo da kanta. Aikin na ido ne da hannu da sanin lokaci, magani kuwa ɗan taimako ne da ake kai shi kan ganyen da ake nufi kawai.

Durƙusa ka gane ta tukuna

Kada ka taɓa komai sai ka san da wa kake faɗa, domin abin da ke kashe wannan shi ke yaɗa waccan.

Kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo, ita ce yawancinmu muke shimfiɗawa a Katsina da Daura, don tana jure rana da ƙishi da takawa. Ganyenta ƙanana ne, tana rarrafe a ƙasa, kowace gaɓa ta kafa saiwa. Wasu gidajen kuma akwai ciyawar kafet mai faɗin ganye da ake kawowa daga kudu, wadda ta fi son ruwa da inuwa.

Ciro baƙuwar guda ɗaya, ka murza karanta tsakanin babban yatsa da manuni. In ka ji kusurwa uku, ganyen yana sheƙi kamar an shafa masa mai, yana fitowa ta fuska uku daga gindi, to aya-aya ce, wadda wasu ke ce wa jiji. Tona ƙarƙashinta za ka tarar da 'ya'ya baƙaƙe masu tauri, an jera su a wata siririyar jijiya kamar carbi. Fasa ɗaya ka sansana, akwai ƙamshi, amma ɗaci gare ta. Dangin ayar da muke ci ce, kuma dangin kajijin turaren wuta. A wajen masana ma ba a cikin zuriyar ciyawa ta ainihi take ba, kuma wannan bambancin zai yi mana amfani nan gaba.

In karan zagayayye ne ko shafaffe, to ciyawa ce ta gaske. Tuji yakan baje a ƙasa kamar faifai, tsakiyarsa fari-fari, ga taurin saiwa. Inda aka fi takawa nan yake so, bakin ƙofa da inda ake ajiye mota. Harƙiya ganyenta ya fi na kiri-kiri faɗi da laushi, kanta kamar yatsu sirara. Guɗe-guɗe kansa kamar sawun tsuntsu. Ƙarangiya ba ta buƙatar gabatarwa, ƙafar yaro ce za ta ba ka labari. Waɗannan huɗun duk 'yan shekara ɗaya ne: su tsiro, su zubar da iri, su mutu. Tofa kuwa daban take. Tsaye take ƙyam, gefen ganyenta na yanka, farar jijiyar da ke cikin ganyen ba a tsakiya daidai take ba, saiwarta fara ce mai tsini tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa.

Wani abin dariya: a jerin miyagun ciyayin duniya da masana suka fitar a 1977, aya-aya ce ta ɗaya, ta biyu kuwa kiri-kirin nan da muke saya wa ruwa. Tuji na biyar, tofa ta bakwai. Manomin rani a Ajiwa ko Daberam in ya ga kana lallashin kiri-kiri sai ya riƙe baki. Amma akwai albishir a ciki: ciyawar da kake karewa ba raguwa ba ce. In ka ba ta dama, da kanta za ta yi rabin yaƙin.

Toshe ƙofar da ta shigo

Zagaya filin da sassafe ka lura da inda baƙuwar ta fi yawa. Aya-aya kusan kullum daga wuri mai danshi take farawa: gindin famfon da ke ɗiga, inda ake alwala, inda ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke zuba, bakin indararo, ko wani kwari da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Gyara famfon, karkatar da ruwan, cike kwarin da yashi mai tsabta. In ba ka yi wannan ba, duk abin da zai biyo baya zuba ruwa ne a rariya.

Sauran ƙofofin uku ne. Ƙasar fadama, wadda na riga na ba da labarinta. Ɗanyen takin dabbobi, domin irin harƙiya da tuji na ratsa cikin saniya ya fito da ransa. Sai injin yankan ciyawa na haya da ke yawo gida-gida da irin wani gidan manne a ƙarƙashinsa. A kankare shi a wanke kafin ya hau filinka.

Daga nan ka kafa 'yan tsinkaye ko ka zuba toka ka zagaye wuraren da abin ya kama. Za ka ga kashi uku ne: inda take ɗai-ɗai, inda ta cakuɗa da kiri-kiri, da inda ta ci wurin gaba ɗaya. Kowanne da yadda ake masa.

'Yan shekara ɗaya: wuƙa ta wadatar

Tuji da harƙiya da guɗe-guɗe da ƙarangiya ba su da ajiya a ƙarƙashin ƙasa. Ka ba filin ruwa da yamma, ko ka jira washegarin ruwan sama. Samu tsohuwar wuƙar kicin. Tattara ganyen a hannun hagu ka ɗaga, ka soka wuƙar a karkace kamar santimita 2 zuwa 3 ƙarƙashin gindin, ka yanke, ka ɗauke. Kada ka fizga da ƙarfi, musamman tuji, don zai taho da dunƙulen ƙasa da kiri-kirin da ke kewaye da shi. In reshen kiri-kiri ya ratsa ta ciki, zare shi a hankali ka mayar ka danne da ƙafa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. Tushe ɗaya na tuji ko harƙiya na zubar da iri dubbai, saboda haka a gama da su a Yuni da Yuli, kafin su fitar da kai. Wanda ya bari sai Satumba ya riga ya shuka ta baɗi. In ka makara, bi da almakashi ka yanke kawunan cikin buhu kafin injin yanka ya watsa su. Ƙarangiyar da ta riga ta zuba kuwa, ja tsohon bargo ko buhun gwado a kan wurin, za ta manne, ka ƙone shi. Harƙiyar da ka cire, in ba a sa magani a filin ba, mai doki ko mai akuya zai karɓa da godiya.

Aya-aya

A nan aikin yake, kuma sai ka fahimci dabararta. Waɗancan 'ya'yan da ke jere kamar carbi ba duka suke tsirowa lokaci guda ba. Ɗaya ko biyu ne ke fitar da ganye, sauran suna barci. Ranar da ka tsinke jijiyar da ta haɗa su, ko da fizga ko da fartanya, sai masu barcin su farka. Shi ya sa mutum zai cire ɗaya ya ga uku. Yawancinsu suna cikin santimita 15 zuwa 20 na saman ƙasa, wato kimanin taƙi guda, ko da yake akwai masu nutsewa fiye da haka. Suna da rauni biyu: ba sa jure bushewa a rana, kuma ganyen ba ya jure inuwa.

Inda take ɗai-ɗai, tonowa ake yi. Da shebur mai kaifi ka yanka kiri-kirin da ke kewaye da ita murabba'i, taƙi ɗaya kowane gefe, ka ɗaga shi kamar fatar burodi ka ajiye a inuwa. Tona ramin zurfin taƙi da rabi, ka bi jijiyar da yatsa har ƙarshenta, ka tsince 'ya'yan duka. Juya fatar da ka ɗaga ka duba ƙarƙashinta ma, sau da yawa akwai ɗaya a maƙale. Mayar da ƙasa, mayar da fatar, taka, ba ta ruwa. Cikin sati guda ba za a gane an taɓa wurin ba.

Inda ta cakuɗa da kiri-kiri kuwa, ba za ka tone filin duka ba. Akwai hanyoyi uku, kuma ana iya haɗa su.

Ta farko ita ce gajiyar da ita. Duk ganyen da ta fitar, daga abincin da ke cikin ɗan take ciyar da shi, kuma ba ta fara mayar da bashin ba sai ta yi ganye biyar zuwa shida. In kana cire ta kafin nan, kowane sati biyu ba fashi, rumbun zai ƙare. Na san na ce fizga na tayar da masu barci. Haka ne, kuma a nan abin da ake so ke nan: su farka su fito, a cire su, su sake fitowa, a sake cirewa. Abin da ke kashe mutum shi ne ya yi sau biyu ya bari. Wannan aikin damina guda ne cur, wani lokaci biyu. In akwai yara a gida, a raba musu filin, kowa da yankinsa, ranar Juma'a da yamma.

Ta biyu ita ce shafa, kuma ita na fi amincewa da ita. Maganin da ake amfani da shi shi ne gilayifoset, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Roundup da Force Up. Yana kashe duk koren da ya taɓa, har kiri-kiri, amma yana da halin da muke so: ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa da 'ya'yan da ke haɗe da ita. Saboda haka ba fesawa za ka yi ba. Ga yadda ake yi.

Yanke filin, sannan ka bar shi kwana uku zuwa biyar, har aya-aya ta ɗara kiri-kiri sosai. Kada ka hana ruwa a kwanakin nan, domin ciyawar da ke jin ƙishi ba ta shan magani. Mai ƙoshi ce ke sha. Zaɓi safiya bayan raɓa ta bushe, ba iska, ba hadari. Maganin na buƙatar aƙalla awa shida ba ruwa a kansa, in ka samu yini guda ya fi. A Agusta wannan sai an yi dace, shi ya sa ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ko kuma Satumba, suka fi sauƙi.

Sa safar hannu ta roba mai kauri, da takalmi rufaffe, da riga mai dogon hannu. A ƙaramin gwangwani mai faɗin gindi ka haɗa awo ɗaya na magani da awo biyu na ruwa, wanda shi ne haɗin da aka saba yi wa shafa da mai ƙarfin giram 360 a lita. In takardar kwalbarka ta faɗi wani abu daban, bi takardar. Ruwan ya zama garai-garai. Ruwan kududdufi ko na rijiya mai laka yana kashe ƙarfin maganin tun a gwangwani, don ƙasa na kama shi. Ɗiga shuɗin bula kaɗan a ciki don ka riƙa ganin wadda ka shafa. Saka gwangwanin cikin bokiti, saboda in ya kife a bokitin zai tsaya. Ni nawa ya taɓa kifewa a fili, na yi wata biyu ina kallon tabo mai faɗin faranti.

Samu kwali, ka tsaga shi daga gefe zuwa tsakiya. Zura gindin aya-ayar cikin tsagar, kwalin ya rufe kiri-kirin da ke ƙasa. Da ƙaramin burushin fenti, ko soso da aka ɗaure a kan sanda, ka shafi ganye biyu ko uku daga ƙasa zuwa sama. Matse burushin a bakin gwangwani tukuna. Laima ake so, ba ɗiga ba. Fara daga ƙarshen filin kana ja da baya zuwa ƙofa, don kada ka taka inda ka shafa ka buga hatimin takalminka a ko'ina.

Bayan nan sai haƙuri. Kada ka ba da ruwa ranar, kada ka yi yanka har sati guda. Yara da kaji da ragon layya kada su shiga sai ya bushe sarai, kuma ciyawar da aka yanka a wurin kada a ba dabba. Ba za ka ga komai ba sai bayan kwana bakwai zuwa goma, ganyen ya fara rawaya daga tsakiya. Kada ka cire ta don ta yi rawaya, bar maganin ya gama gangarawa. Bayan sati huɗu zuwa shida 'ya'yan da ba su sha ba za su turo sabon ganye, ka sake zagayowa. Zagaye uku a shekarar farko ba abin mamaki ba ne.

Ta uku ita ce inda bambancin zuriyar nan ke amfani. Akwai maganin da ke kashe dangin aya ya bar ciyawa ta gaske, sunan sinadarinsa halosalfuron, ana sayar da shi a wasu ƙasashe da sunan Sempra ko SedgeHammer. Kiri-kirin da ta kafu tana jure shi. Ɗan mitsitsi ake sawa, da giram ake auna shi ba da murfin kwalba ba, a haɗa da sinadarin da ke sa magani ya manne wa ganye. Ba a yanka kwana biyu kafin fesawa da kwana biyu bayanta, ana kuma maimaitawa bayan sati shida zuwa goma. In za ka nema, sunan sinadarin za ka duba a jikin kwalba, kada ka tsaya ga "wannan ma yana yi" ta mai shago. Kuma ko wane magani ne, gwada shi a lungu mai faɗin tabarma ɗaya ka jira sati biyu kafin ka kai shi sauran filin, balle in ciyawar kafet ce gare ka.

Shi kuma 2,4-D da manoman shinkafa da masara suka sani, na masu faɗin ganye ne. Yana ƙona kan aya-aya ya rage mata ƙarfi, amma ba ya gamawa da 'ya'yan. Ga shi tururinsa a zafin Katsina na nannaɗe ganyen tumatir da kuɓewa da zogale da fulawa, har na maƙwabci. A tsakar gida, ni ban ga ribarsa ba.

Saura inda ta ci wurin gaba ɗaya. Nan kada ka ɓata damina kana lallaɓawa. Jira bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wannan makami ne da Allah ya ba mu kyauta. Yanke wa wurin ruwa, ka ƙara taƙi biyu a kowane gefe bayan inda kake ganin ta tsaya. Tone shi zurfin santimita 30. Ari rariyar yashi irin ta magina, ka jingine ta, ka riƙa watsa ƙasar da shebur. Jigawa ce, za ta wuce salin-alin, 'ya'yan su gangaro gabanka. Za ka sha mamakin yawansu. Baje ƙasar da aka tace a rana sati biyu, kana juyawa da manjagara duk bayan kwana biyu ko uku, don waɗanda suka kuɓuce wa rariya su bushe su mutu.

In kana so ka ƙara tabbatarwa, mayar da ƙasar, jiƙa ta sosai sau ɗaya, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka binne gefunanta kada iska ta shiga, ka bar ta sati huɗu zuwa shida. Fara, ba baƙa ba. Tsinin aya-aya na huda baƙar leda ya fito, amma a ƙarƙashin fara da ya ga haske sai ya buɗe ganye, zafi ya dafa shi. Kafin ka dasa, yaye ledar ka ba wurin ruwa kwana goma ka gani. Abin da ya tsiro ka tone shi.

'Ya'yan da ka tara kada su je juji ko ramin taki, kada kuma a watsa su bayan katanga. Shanya su a kan kwanon rufi ko siminti har su bushe ƙayau, sannan a ƙone.

Tofa

In tofa ce, kada ka sa mata wuta, ƙuna na ƙara mata ƙarfi ne. Kada kuma ka sassare saiwar da fartanya, kowane guntu tsiro ne. Shafa ce maganinta, kuma ta fi aya-aya sauƙin shafawa tunda doguwa ce: bar ta ta kai gwiwa, ka kwantar da ganyen a kan kwali ka shafe. Ƙarshen damina ya fi, lokacin da take tura abinci ƙasa. In daga fili ko kangon da ke maƙwabtaka take kutsowa, tona rami a bakin iyaka ka kafa tsohon kwanon rufi ko bulo a tsaye, zurfin kamu guda ko fiye.

Kwalaben da ba za su shigo gidan ba

Farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone: ganye kawai yake ƙonawa, ba ya isa saiwa, ga shi guba ce da ba ta da makari, kurɓi kaɗan na kisa. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi. Ba abin ajiyewa ba ne a gidan da yara suke. Sai irin su Fusilade da Gallant da ake fesa wa gonar wake da gyaɗa: aikinsu kashe ciyawa ta gaske, wato za su kashe kiri-kirinka su bar aya-aya tana dariya. Sauran maganin da ya rage a ajiye shi a kwalbarsa ta asali, a kulle. Kada a juye a robar lemo ko ta ruwa, ko da na kwana ɗaya ne.

Cike gurbi

Duk inda ka bar ƙasa tsirara, wata za ta riga kiri-kiri zama. Ranar da ka gama cirewa, ranar za ka dasa. Ba sai ka saya ba: yanko rassan da suka hau kan daɓe ko gefen fulawa, kowanne da gaɓa uku zuwa huɗu, ka binne rabinsa a tazarar taƙi ɗaya, ka taka. Ruwa kaɗan safe da yamma har sati biyu. A damina wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa su haɗe. In wurin da aka shafa wa gilayifoset ne, ka jira sati guda tukuna.

Daga nan sai ka sauya yadda kake ba da ruwa, don yayyafin kullum aya-aya da tuji yake yi wa hidima. Kiri-kiri na da saiwa mai zurfi, ta fi son a ƙosar da ita a bar ta. Ma'aunin da za ka fara da shi: jarka ɗaya mai lita 25 ga kowace murabba'in mita a sati, a raba biyu ko uku saboda jigawa. A Afrilu ka ƙara, da hunturu ka rage, a Agusta ka naɗe tiyo ka rataye. In da abin watsa ruwa kake amfani, ajiye gwangwanin kifi a tsakiyar fili. In ya cika, to ka riga ka ba da ruwan sati.

Taki: yuriya kilo ɗaya ta ishi fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi. Haɗa ta da busasshen yashi don ta watsu daidai, a zuba ganye na bushe, a bi da ruwa nan take, in ba haka ba ta ƙone shi. Farkon damina a fara da kamfa, sannan yuriya duk bayan sati shida har Satumba. Takin gargajiya kuwa sai wanda ya ruɓe: a tara, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa har wata uku, ya yi zafi ya huce ya koma baƙi. In kana shakka, cika tsohon kwano da shi ka ba shi ruwa kwana goma. Abin da ya tsiro a kwanon shi zai tsiro a filinka. Haka za ka gwada duk ƙasar da za a kawo maka, tun kafin tifa ta juye.

Yanka kuma kada a yi mata ƙwal-kwabo. Tsawon santimita 4 zuwa 5 ya yi, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda, kuma a riƙa yi duk sati a damina. Kiri-kiri mai kauri na hana rana isa ƙasa, irin harƙiya ba ya samun hasken tsirowa, aya-aya kuma ta rasa ƙarfi. Inda tuji ya yi yawa alama ce ƙasa ta daddaɓe. Soka mata ƙarfe mai tsini ko'ina, ka share yashi cikin ramukan, in hanya ce kuma ka jera duwatsun takawa. Ƙarƙashin bedi ko mangwaro mai duhun inuwa, kiri-kiri ba za ta taɓa yin kauri ba ko me ka zuba mata. Rage rassan, ko ka haƙura ka zuba tsakuwa ka sa kujera.

Kafin ruwan farko na baɗi

In 'yan shekara ɗaya sun riga sun zubar da iri a bana, akwai maganin rigakafi, fendimetalin, wanda aka sani da Stomp. Ba ya kashe abin da ya riga ya tsiro, ba ya kuma taɓa aya-aya. Irin tuji da harƙiya da ƙarangiya yake tarewa yayin da suke fasowa. Ana fesa shi ƙarshen Mayu, gab da saukar damina, a kan kiri-kirin da ta shekara ta kafu, a bi shi da ruwa ya shiga ƙasa. Kada a sa shi inda aka yi sabon dashe ko inda za a yi, don yana hana sababbin gaɓoɓi kafa saiwa. Yana kuma rina daɓe da tufafi ruwan ɗorawa.

Awonsa a takarda da hekta ake rubutawa, kuma nan mutane ke zarce gona da iri. Fili mai mita 10 da 10 kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta. In takardar ta ce lita 3 a hekta, naka mililita 30 ne, a auna da sirinji. Cika injin feshi da ruwa zalla, ka fesa filin da tafiyarka ta yau da kullum, ka ga lita nawa ya ci. A cikin wannan adadin ruwan za ka zuba maganin, ba a cikin tanki cike ba. Injin kuma ya zama wanda bai taɓa ɗaukar gilayifoset ba, ko an wanke shi da sabulu an ɗauraye sau uku har bututu da bakin. In na aro ne daga gona, ka ƙaddara da sauran magani a ciki.